Jirgin Tsakar Gidan Inna

Farin ƙyalle na fara gani kafin in ga mahaifiyarku. Yayana Alhaji Bala, wanda ku kuke kira Baba yanzu, shi ya aike ni bakin kogi in karɓo dilolin atamfa da wani jirgin kaya ya kawo. Ina tsaye a gaɓa ina jiran 'yan dako, sai na hango wani ɗan jirgi can tsakiyar kogin Ubangi, ba inji, ba mai tuƙi, sai doguwar sanda a tsaye da farin ƙyalle da iska ta cika shi, yana tafiya shi kaɗai a kan ruwa ba ko ƙara. Wani Bature ne a ciki. Ban taɓa ganin abin da ke tafiya a natse haka ba, har na manta da abin da aka aike ni. Can sai iskar ta ɗauke, ƙyallen ya saki jiki, ruwa ya fara jan jirgin yana tafiya da shi, Baturen yana ta ɗaga hannu. A nan na ji dariya. Wata budurwa ce tsaye a ƙarshen kwale-kwale cike da ayaba, ta tuƙa ta je ta jefa masa igiya ta jawo shi gaɓa kamar akuya, tana dariya har tana riƙe ciki. Da ta sauko ta gan ni, sai ta ce da ni cikin Sango, yaren garin:

"Ɗan kasuwa, rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Ƙananan littattafan nan ne masu zanen fure a bango, da direbobi ke cusa wa a tsakanin diloli tun daga Kano su biyo ta Kamaru su iso mana unguwarmu Kilomita Biyar a nan Bangi duk sun lanƙwashe. Ina karanta su a bayan kanta idan ciniki ya lafa, har na haddace yadda samarin ciki ke magana. A cikinsu saurayi yakan yi wa budurwa alkawarin abin da ba wanda ya taɓa yi, kuma yakan cika. Na ɗauka haka duniya take. Na yi ta komawa bakin kogi ba tare da an aike ni ba, ina juya mata kalaman littafi zuwa Sango, ina ce mata hasken idona, tana ce mini in je asibiti a duba idon. Sunanta Mari a lokacin, 'yar mutanen kogi ce, ubanta masunci. Ta musulunta da kanta, ba wanda ya tilasta ta, aka sa mata Maryam, aka ɗaura aure, na kawo ta gidanmu na kusa da kasuwa inda ba ruwan da ake gani sai na rijiya da na kwata.

Kakarku Inna ba ta taɓa zagin ta ba, kada wani ya gaya muku haka. Abin da ta yi shi ne ba ta kiran sunanta, sai "'yar kogi", kuma ba ta cin girkinta. Idan Maryam ta kai mata kwano ta durƙusa, sai Inna ta ce a ajiye, in an jima a ga kwanon a gaban yaran makwabta. Mahaifiyarku ta koyi Hausa, ta koyi tuƙa tuwo, ta koyi ɗinki a keken da na saya mata, ta haife ki Habiba, ta haife ka Nasiru, ta haifi Ummi, duk ba ta zama 'yar gida ba. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama na tarar da ita tsugune a bakin kwata tana kallon yadda ruwa ke tafiya da ɓawon mangwaro. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa, da kaina na littafi, na tsuguna kusa da ita na ce zan gina mata jirgi irin wanda muka gani ranar farko, mai farin ƙyalle, in sa ta a ciki ta zauna kamar sarauniya, ba za ta taɓa filafilin tuƙi ba.

"Baban Habiba," ta ce, "kai da ko benci ba ka taɓa haɗawa ba?"

"Zan koya."

"To, yeke-yeke," wato sannu a hankali. "Amma ka bar mini wurin filafili, don na san iskar kogin nan. Ba ta da alkawari."

Ban san komai ba, wannan gaskiya ne. Na fara da kwali, na yanka ƙananan jirage ina liƙa su ina shafa musu kakin kyandir, ina sa su a bahon wanki, Maryam tana hura musu iska da mafici, suna kifewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ce cikin ya yi tsini, in faɗaɗa shi, ni kuma na gane cewa sai an sa wani falanki a ƙasa ya nutse cikin ruwa kafin jirgi ya iya jure iska daga gefe. Da na samu wanda bai kife ba, sai na zana shi babba da gawayi a simintin tsakar gida, na hana kowa sharewa. Na sayi jan katako a wajen masu falanki na bayan kasuwa, kaɗan-kaɗan, yau ɗaya, wani watan biyu. Na fara da ƙashin bayan, doguwar itaciya guda wadda duk jirgin zai zauna a kanta, sannan haƙarƙarin, sannan na bi su da falankai. Falanki ba ya lanƙwasa don an roƙe shi. Na fasa da yawa kafin in gane sai an naɗe shi da tsumma ana kwarara masa tafasasshen ruwa, ana ɗaure shi da igiya ana ja a hankali. Mahaifiyarku ce ke dafa ruwan. Tsakanin falankai muka cusa auduga muka bi ta da narkakkiyar kwalta, yadda ubanta ke toshe kwale-kwalensa. Duk bayan la'asar idan na rufe kanti nake yi, sai ranar Lahadi da nake wuni. Ya ci mini damina da rani ba sau ɗaya ba.

Gidan kuwa ya samu abin magana. Matan gida suna shanya kuɓewa a kansa, kaji suna ƙwai a ciki, ku kuna ɓuya a ƙarƙashinsa. A majalisar ƙofar gida aka sa mini suna Kaftin. Yaya idan ya shigo gaida Inna sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da makullin motarsa.

"Kaftin, yaushe za a tashi? A ajiye mini kujerar gaba."

"In Allah ya yarda, Yaya."

"Ubanmu ya bar mana kanti, kai ka zama kafintan mace. Ko ɗufana kake jira ta zo Kilomita Biyar ta ɗauke ka?"

Da aka zo kan ƙyallen, na ɗauko farin alawayyo daga kantinmu, don shi ne mai ƙarfi da sauƙi. Maryam ta yanka shi ƙwarya-ƙwarya ta haɗa a kekenta, ɗinki biyu-biyu, ta naɗe bakinsa da igiya da hannunta har yatsunta suka yi kanta. Ranar da muka tsayar da sandar muka ja ƙyallen sama, ya fi katangar gidan tsawo, har 'yan unguwar Yakite suna hango shi. Wata 'yar iska ta shigo ta cika shi, jirgin ya motsa a kan tubalan da ke riƙe da shi. Mahaifiyarku ta lashi yatsanta ta ɗaga sama, yadda mutanenta ke yi don su ji inda iska ta fito, ta dube ni da irin dariyar ranar farko. Sai Inna ta fito daga ɗaki da carbinta, ta ɗaga kai.

"Ɗanlami, likkafani ka rataya mini a tsakar gida?"

"Inna, na jirgi ne."

"Na san alawayyo tun kafin a haife ka. Sauke shi. Ina raye tukuna."

Muka sauke, muka ninke, Maryam ta sa a ƙasan akwatinta. Abin da ya rage shi ne fenti da motar da za ta kai shi kogi. Na riga na yi magana da wani mai kamiyo, babbar motar kaya, mun sa bayan damina. Kafin damina ta ƙare garin ya rikice.

Ba zan ba ku labarin rikicin ba, kun ji shi a bakin mutane da yawa, kuma ke Habiba da kai Nasiru kun yi wayon da za ku tuna ƙarar. Abin da ya shafe mu shi ne an rufe mu Musulmi a unguwa. Kogin da nake zuwa da ƙafa ina saurayi ya zama kamar wata ƙasa. Makabartarmu ma tana waje, ba mai iya kai gawa can ya dawo, sai aka koma binne mutane a kangwaye da bayan gidaje. Itace ya daina shigowa, mutane suna fasa bencuna da ƙofofi su yi girki. Matan gida suka fara kallon jirgin da wani ido, na ce wanda ya taɓa shi sai ya fara taɓa ni. Kuma suka fara kallon mahaifiyarku da wani ido. Idan wayarta ta yi ƙara sai a yi tsit. Ƙaninta ne ke kira yana tambaya ko tana raye, amma a wajensu ita ce kunnen waɗanda ke waje.

A cikin haka ciwon sukarin Inna ya tashi, ga magani ya yanke. Matar Yaya tana fama da nata yaran da haɗa kaya, sai jinya ta faɗo kan 'yar kogi. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ya fito. Ina zaune a bakin ƙofa ranar da Inna ta karɓi kofin kunu daga hannunta ta kurɓa, karo na farko tun da na kawo Maryam gidan. Maryam ta tsaya tana jira kamar ɗalibar da aka karɓi allonta.

"Tsami ya yi yawa," in ji Inna. Sai ta miƙo kofin. "Ƙaro."

Da hantsi Inna ta rasu, wata ranar Talata. Muka shiga neman likkafani. Ku ji wannan da kyau: uwar masu kantin yadi ce, matar mai kantin yadi, amma aka rasa farin ƙyalle a gidanta. Tun farkon rikici Yaya ya ɗaure kayan kanti kaf ya tura Kamaru, har da alawayyon, bai bar ko ƙwarya guda ba. Sauran kantuna nasu ya ƙare, don mutuwa ta yi yawa. Itacen da ake jerawa a kan ramin ciki kafin a zuba ƙasa, don kada ƙasa ta faɗa wa mamaci, shi ma babu. Yaya ya zo ya tsaya a gaban jirgin, bai kira ni Kaftin ba ranar.

"Ɗanlami, ga katako nan."

Na dubi jirgin. Ina son uwata, Allah ya sani, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa. Sai na ji ƙarar murfin akwati. Maryam ta fito da ƙyallen a rungume, ta zauna a tabarma ta ɗauki reza ta fara farke ɗinkin da ta yi, zare bayan zare, don kada yadin ya yage. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Baban Habiba, ɗauko zarto. Rana tana yi, Inna tana jira."

Na yanka daga gefen dama, wajen da falankan suka fi miƙewa. Kwaltar da muka toshe su da ita tana manne a jiki, haka aka jera su. Mahaifiyarku ta wanke ƙyallen, ta shanya, ta yanka shi yadda ake yi wa mace, ramukan allura duk suna nan a jere. Ta ninke ta nufi ɗakin da za a yi wanka. Yaya ya tare ƙofar ya miƙa hannu ya karɓa.

"Kawo. Ke tsaya daga nan."

"Yaya, ni nake wanke ta tana raye."

"Wannan wankan daban ne. Wadda aka haifa a coci ba za ta taɓa gawar uwata ba."

Na yi magana, kada ku ce ban yi ba. Na ce Musulma ce, ta fi wasunmu tsare salla. Dattawa suka ce ba ranar gardama ba ce, in yi haƙuri a rufa wa gawa asiri. Aka binne Inna a kangon bayan gidanmu cikin ɗinkin Maryam, ƙarƙashin katakon Maryam, ita kuwa tana murhu tana dafa wa masu gaisuwa ruwa. A zaman makoki na ji da kunnena ana ce wa Yaya Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari da ya samo likkafani a wannan hali. Ya ce amin.

Daga ranar jirgin ya zama na unguwa. Labari ya bazu cewa akwai katako a gidan su Kaftin. Da safe sai a yi sallama, ka ga mutum idonsa ja, ba ya ma iya faɗin abin da ya kawo shi, sai ya dubi jirgin. Wa zai ce a'a? Gefen dama ya tafi, na hagu ya bi shi, sannan dandamalin da na yi wa mahaifiyarku wurin zama, sannan haƙarƙarin ɗaya-ɗaya. Ragowar ƙyallen ya tafi kan jarirai. Masu ce mini kafintan mace suna kwance da iyayensu a ƙarƙashin aikina. Har aka wayi gari babu abin da ya rage a kan tubalan sai ƙashin bayan da sandar tana jingine da katanga.

Ku riƙe wannan, don nan ne aka yi muku ƙarya.

Da aka ce manyan motoci za su fita da mutane zuwa iyakar Kamaru da rakiyar sojoji, Yaya ya samo mana wuri a motar wani abokin cinikinsa. Da sassafe muka fita da ƙullin kaya. Mun isa gindin motar, mutane sun cika ta har sama, sai ya ja ni gefe.

"Kai da yara ku hau. Ita ta koma wajen danginta."

"Wane dangi, Yaya? Ƙaninta ya ce kada ta kuskura ta zo, can ma cewa suke ta zama tamu."

"Mutanen motar ba za su yarda ba. Sun ce ita za ta nuna mu a hanya."

"Su wa suka ce?"

Bai nuna mini kowa ba. Har yau ban san ko akwai wanda ya faɗa in ba shi ba. Amma shi ya san mai mota, shi ke da bakin magana. Mahaifiyarku ta ji komai. Ta kwance Ummi daga bayanta tana barci, ta miƙo mini ita, ta ce da Hausa, don Yaya ya ji:

"Sa su a mota. Kai ma hau. Ni na iya ruwa, ba na nutsewa."

Na miƙa Ummi sama, ke Habiba kika karɓe ta. Na ɗaga ka Nasiru, takalminka ɗaya ya faɗo na jefa maka. Sannan na tsaya da ƙafata ɗaya a kan tayar. Ku kuna da mota, kuna da baffa, kuna da hanya. Ita ba ta da kowa a ciki, ba ta da kowa a waje, kuma ni na ɗauko ta daga kan ruwanta na kawo ta nan. Na sauke ƙafata. Na ce wa Yaya amana ce, da zarar hanya ta lafa zan zo in ɗauke ku. Kun gan ni na juya na nufi gida, amma ba ku gan ta ba, don ta riga ta shige lungu ta toshe bakinta da mayafi kada ku ji kukanta ku diro. Kuka tambayi baffanku ina zan je, ya ce muku na koma wajen jirgina, uwarku kuma ta gudu wajen mutanenta. Ke Habiba kika faɗa mini haka a waya bayan shekaru, da murya irin ta mai karanta hukunci. Wane jirgi? Itace biyu ne suka rage, kuma su ma kafin watan ya ƙare an zo an roƙe su.

Da hanya ta buɗe na je Garwa, can Kamaru, in ɗauko ku. Na tarar an sa ku a makaranta, kuna Fulatanci, kun yi ƙiba. Yaya ya karɓe ni a zaure kamar baƙon ciniki, ya ce ba zai mayar da yara gidan wanda ya zaɓi katako ya bar 'ya'yansa ba. Na ce a kira ku ku faɗa da bakinku. Kai Nasiru ka shigo ka gaishe ni a tsaye, ka ce, "Baba ya ce mu gama karatu tukuna." Na waiga ina neman wane Baba. Ummi ta leƙo daga bayan labule ta tambayi wane ne. A littattafan da na karanta, a irin wannan wurin yara sukan rugo su rungume ubansu, mugu ya ji kunya, a rufe littafi. Na dawo Bangi ni kaɗai, a bayan motar albasa, ina shirya abin da zan gaya wa mahaifiyarku. Ban sake buɗe littafin soyayya ba tun daga ranar.

Tana nan da ranta. Mun bar gidan gado mun kama ɗaki biyu a unguwar Kokoro, tana ɗinki har yanzu, ko da yake sai na sa mata zare a allura. Tsofaffin matan da suka iya wankan gawa sun mutu ko sun yi hijira, yanzu idan mace ta rasu a unguwar ita ake aikowa a kira, Hajiya Maryam mai wanka, ko Makka ba ta je ba. Tana zuwa, ba ta taɓa tuna wa kowa komai ba. Bara na matsa mata muka hau babur ɗin haya muka je bakin kogi, daidai gaɓar da na fara ganin ta. Na ce in samo mai kwale-kwale ya zaga da mu, ta ce a'a, gwiwoyinta ba za su yarda ba. Muka zauna a kan wani dutse. Ruwan ya cika, iska tana kaɗa mayafinta. Ta lashi yatsanta ta ɗaga sama, ta daɗe a haka.

"Yau da ta kai mu har tsallake," ta ce.

Sannan ta sauke hannun ta goge a zaninta, ta ce in duba wayata, ko ɗaya daga cikinku ya kira ban ji ba saboda ƙarar babur.